Nano, Vim ko Emacs: wanne zan riƙe a taminal?

Tambaya: Na fara koyon Linux, na kama hayar wata ƙaramar saba ina shiga ta SSH, wani lokaci daga laftof, wani lokaci daga waya. Shekaranjiya na buga `git commit`, sai wani abu ya buɗe, na kasa rubutu, na kasa fita, har sai da na rufe taminal ɗin gaba ɗaya. Wasu abokaina sun ce Vim ne kuma dole in koye shi, wasu sun ce in tsaya a nano, wani kuma ya ce Emacs. Wanne zan ɗauka, kuma waɗanne maɓallai zan haddace?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya buɗe maka edita ne, wato manhajar gyara rubutu, mai suna vi, ko kuma magajinsa Vim a rigar vi. Git ba ya da wurin rubutu na kansa. Idan yana son ka rubuta bayanin aikin da ka yi, sai ya duba ko ka saita masa `core.editor`, ya duba `VISUAL`, ya duba `EDITOR`, in bai samu komai ba a yawancin injina sai ya faɗa kan vi. Mafita a ranar ita ce ka danna Esc, ka rubuta `:q!`, ka danna Enter. Kuma kada abin ya dame ka: tambayar yadda ake fita daga Vim da wani ya yi a Stack Overflow, dandalin tambayoyin masu rubuta manhaja, a 2012 ta haura kallo miliyan ɗaya a 2017.

Abokanka suna gardama ne saboda sun cakuɗa tambayoyi biyu. Akwai editan da za ka zaɓa wa injinka, akwai kuma wanda za ka tarar a injin da ba naka ba, inda ba wanda ya nemi ra'ayinka. Na farkon, ni dai shawarata nano ne a yanzu. Na biyun babu zaɓi a ciki, vi ne, domin yana cikin ƙa'idar POSIX da tsare-tsare irin na Unix ke bi, kuma ko a kan rauta mai OpenWrt ko ƙaramin kwantena na Alpine za ka same shi ta hanyar BusyBox, ƙaramin kunshin umarnan da irin waɗannan injina ke zuwa da shi, a wuraren da ba nano kuma wataƙila ba intanet ɗin da za ka sauko da shi. Shi kuwa Emacs, rabin maɓallansa suna ƙarƙashin yatsunka a bash, manhajar da ke karɓar umarnanka a taminal, tun ranar da ka fara buɗe taminal, ba ka dai sani ba.

Fara da toshe ƙofar da ta kama ka. Sa waɗannan layuka biyu a ƙarshen `~/.bashrc`:

`export EDITOR=nano`
`export VISUAL=nano`

Sannan ka buga `git config --global core.editor nano`. A Debian da Ubuntu akwai ƙarin `sudo update-alternatives --config editor` da `select-editor`, wanda `crontab -e`, umarnin gyara jadawalin ayyuka, ke dubawa. Daga nan git da crontab da `sudoedit` za su riƙa buɗe maka abin da ka sani.

Nano ya samo asali ne daga Pico, editan da ke cikin manhajar imel ta Pine ta Jami'ar Washington. Lasisin Pico bai ba da damar a gyara shi a raba yadda ake so ba, shi ya sa Chris Allegretta ya rubuta makwafinsa a 1999, ya shiga ƙarƙashin GNU a 2001. Kyawunsa shi ne kana buɗewa kana rubutu, kuma layuka biyu na ƙasan allo suna nuna maka maɓallai. Abin da ke rikita sabon shiga kawai alamomin ne: `^` na nufin Ctrl, `M-` na nufin Alt. To `^O` shi ne Ctrl+O, adanawa (zai nuna sunan fayil, ka danna Enter), `^X` fita. Tun fitowa ta 2.9 Ctrl+S ma yana adanawa kai tsaye ba tambaya. Ctrl+K yana yanke layi ɗungurungum, kuma in ka danna shi sau uku a jere layukan uku suna taruwa wuri ɗaya, Ctrl+U ya manna su. Ctrl+W nema, Ctrl+\ nema da musanyawa, Alt+U warware abin da ka yi, Alt+E maido shi, Alt+A fara zaɓen rubutu, Alt+6 kwafa, Alt+G tsalle zuwa lambar layi. Na ƙarshen nan ka riƙe shi da kyau, don idan manhaja irin nginx ta ce kuskure na layi na 87, ba ka son ka riƙa gangarawa da kibiya. Ko tun daga waje ma ka buga `nano +87 sunan_fayil`.

Abu biyu game da nano da layukan ƙasan allo ba za su gaya maka ba. Kafin fitowa ta 4.0 a 2019, ɗabi'arsa ce ya karya dogon layi gida biyu da kansa idan ya wuce faɗin allo. A wasiƙa wannan ba komai, amma a fayil ɗin saiti ko a `authorized_keys`, inda ake ajiye mabuɗan SSH, ɓarna ce, don mabuɗin SSH da aka raba gida biyu ya daina aiki. A tsohuwar saba ka riƙa buɗewa da `nano -w`. Na biyu kuma, fitowa ta 8.0 a 2024 ta mayar da Ctrl+F nema, ta kuma kawo zaɓin `--modernbindings` mai sa Ctrl+X da Ctrl+C da Ctrl+V da Ctrl+Z da Ctrl+Q su yi abin da ka saba da shi a Windows. Ban cika son sabon shiga ya kunna wannan ba. Hannunka zai saba Ctrl+X yanka ne, ranar da ka shiga sabar wani mai tsohon nano ka danna shi sai ya ce maka zai fita.

Yanzu vi, inda zan ɗan daɗe, don in ka gane dalilin halinsa ba za ka sake jin tsoronsa ba.

Bill Joy ne ya rubuta shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley wajajen 1976, a kan wani taminal mai suna ADM-3A, ta layin waya mai tafiyar hawainiya. Allon madannan wannan na'ura ba ya da maɓallan kibiya na daban, an zana kibiyoyin ne a kan H, J, K da L. Esc kuma yana zaune a inda Tab yake a yau, dab da ƙaramin yatsa. Ga maɓallai kaɗan, ga layi mai nauyi, sai dabara ta zama a sa haruffa su yi aiki biyu: a wani yanayi su zama rubutu, a wani su zama umarni. Kana buɗe vi kana cikin yanayin umarni. Shi ya sa da ka fara buga bayaninka ka ga abubuwa suna tsalle suna ɓacewa: shi umarni yake ji kana ba shi. Danna `i` ka shiga yanayin rubutu, danna Esc ka koma na umarni. Duk lokacin da ka rasa inda kake, danna Esc sau biyu, ba ya ɓata komai.

Abin da ya zama wajibi a kanka bai fi a ƙirga da yatsu ba. `i` da Esc ka gani. `:w` adanawa, `:wq` adanawa da fita, `:q!` fita a watsar da gyaran. `u` warwarewa, kuma shi ne abokinka na farko duk sanda yatsa ya kuskure. `x` goge harafi, `dd` goge layi, `yy` kwafar layi, `p` mannawa, `o` buɗe sabon layi a ƙasa. `/` da kalma nema, `n` na gaba. `:87` zuwa layi na 87, `G` ƙarshen fayil. Da wannan za ka gyara `/etc/fstab` a injin da ya ƙi tashi ka fita lafiya. Ƙari ɗaya saboda git: `:cq` yana fita ne da alamar kuskure, git ya fahimci ka fasa. Buga `vimtutor` ka zauna da shi na rabin awa, duk waɗannan suna ciki, kuma da hannunka za ka yi su.

Wasu tarkuna ƙanana. A Ubuntu na tebur abin da ke zuwa da injin `vim-tiny` ne, in ka kira shi da sunan `vi` ka danna kibiya a yanayin rubutu sai ka ga A, B, C, D suna fitowa. Ba lalacewa ya yi ba, kwaikwayon tsohon vi yake yi, `sudo apt install vim` ya raba gardama. In ka ga an rubuta `recording @` a ƙasa, ka danna `q` ne da wani harafi ba da niyya ba, sake danna `q` ya tsaya. In ka juya `:q` ya zama `q:`, wata 'yar taga ta tsofaffin umarni za ta buɗe, rubuta `:q` daidai ta rufe. In kuma ka manno rubutu daga waje ka ga kowane layi yana ƙara matsawa dama kamar matakala, buga `:set paste` kafin ka manna.

To me ya sa mutane suke maƙale wa wannan abu shekara da shekaru? Saboda umarnan Vim ba haddar jeri ba ce, haɗa su ake yi kamar jimla, aikatau da abin da zai faɗa a kai. `d` gogewa ne, `w` kalma ce, `dw` goge kalma. `c` canjawa ne, don haka `cw` canja kalma. `3dd` goge layi uku. Ɗauki layi irin wannan a fayil ɗin saiti:

`DB_HOST="192.168.1.20"`

Kana son canja adireshin. A nano sai ka tura alamar rubutu da kibiya zuwa ƙarshen lambobin, ka danna gogewa sau goma sha biyu, ka kula kada ka cinye alamar zance. A Vim, alamar tana ko'ina a farkon layin ko cikin lambobin, ka buga `ci"`, abin da ke tsakanin alamomin zancen ya ɓace, kana yanayin rubutu, ka zuba sabon. Ka sauka wani layi mai irin wannan gyara ka danna `.`, ya maimaita duk abin da ka yi. In kuma canjin na fayil ɗin gaba ɗaya ne, `:%s/tsoho/sabo/gc` zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayarka. Sabon aikatau ɗaya da ka koya yana aiki da duk motsin da ka riga ka sani, shi ya sa gudun mai Vim yake ƙaruwa da shekaru, na mai nano kuwa yana tsayawa bayan mako guda.

Amma ribar tana bin yawan rubutun da kake gyarawa. Wanda aikinsa ya buɗe fayil ya canja layi biyu ya sake kunna sabis, sau uku ko huɗu a mako, ba zai taɓa mayar da wahalar da ya zuba a koyon Vim ba. Masu kula da Linux ɗin Fedora ma sun duba wannan, suka mayar da nano editan farko tun Fedora 33 a 2020, kuma ba jahilai ba ne. Wanda kuwa yake wuni cikin lambobin manhaja a taminal, asara yake yi in ya tsaya a nano. Ka duba kanka nan da wata biyu. In ka kama kanka kana danne kibiya kana jira, ko kana yin gyara iri ɗaya a wuri ashirin, lokaci ya yi. A sannan ne ma tambayar Vim ko Neovim za ta taso. Vim aikin Bram Moolenaar ne, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da shi a 1991 a kan kwamfutar Amiga, ya riƙe shi har rasuwarsa a watan Agustan 2023, yana roƙon masu amfani da shi su taimaki yara a Uganda maimakon su biya shi. Neovim reshe ne da ya ɓalle a 2014, ana saita shi da yaren Lua. Maɓallansu ɗaya ne. Abin da zan hana ka kawai shi ne sauko da saitin wani mai ƙare-ƙare hamsin tun ba ka iya `ci"` ba, don ranar da ka shiga saba tsirara ba za ka gane gabas ba.

Emacs ba zan ja shi da nisa ba. Ya faro a MIT a 1976, GNU Emacs na Richard Stallman ya fito a 1985. Ba ya da yanayi biyu irin na vi, haɗa maɓallai ake yi: Ctrl+X Ctrl+S adanawa, Ctrl+X Ctrl+C fita, Ctrl+G fasa duk abin da ka faro. Masu shi suna zama a cikinsa ne gaba ɗaya, git ta Magit, tsara ayyuka ta Org, kuma ba su cika girka shi a saba ba, daga injinsu suke buɗe fayilolin nesa ta TRAMP. Abu ne mai kyau ƙwarai, sai dai ba shi ne maganin matsalarka ta shekaranjiya ba, kuma da wuya ka tarar da shi a girke a sabuwar saba.

Abin da za ka ɗauka daga gare shi yau shi ne maɓallan layin umarni, domin bash da su yake aiki. Ctrl+A farkon layi, Ctrl+E ƙarshensa, Alt+B da Alt+F tsallen kalma baya da gaba, Ctrl+K yanke daga inda kake zuwa ƙarshe, Ctrl+Y mannawa, Ctrl+R neman tsohon umarni da ka taɓa bugawa. In umarni ya yi tsawo, Ctrl+X Ctrl+E zai buɗe shi a editan da ka saita ɗazu. Su kuma `less` na karanta fayil da `man` na karanta bayanin umarni, maɓallan vi suke ji: `j`, `k`, `/`, `n`, `G`, sai `q` na fita. Ko ka tsaya a nano har abada, gidajen nan biyu sai ka ci abincinsu.

Akwai abin da abokanka ba su faɗa maka ba, kuma shi ne ya fi cin mutane: maɓallin da ka danna yana ratsa hannu da yawa kafin ya isa edita. Tagar taminal tana ɗaukar nata, tmux, manhajar da ke riƙe zaman taminal ko da layi ya yanke, ya ɗauki nasa, burauza ta ɗauki nata. Kamfanonin hayar saba suna ba da taminal ta cikin burauza don ranar da SSH ya ƙi. Ka buɗe nano a can ka danna Ctrl+W don nema, a yawancin burauza shafin ne zai rufe da aikinka a ciki. A irin wannan wuri yi amfani da F6. Ctrl+S a layin umarni, da a tsofaffin Vim, yana daskarar da allo, gadon zamanin injin buga takarda ne, Ctrl+Q yake sakinsa, `stty -ixon` kuma ya kashe ɗabi'ar. Ctrl+Z a Vim ba warwarewa ba ne, jingine editan yake yi ya dawo da kai layin umarni, `fg` zai maido shi. Kada ka sake buɗe fayil ɗin a karo na biyu alhali na farko yana jingine.

Taminal kuma ba ya aika maɓalli, lambar harafi yake aikawa. Ctrl+[ da Esc lamba ɗaya ce, 27, haka Ctrl+I da Tab, haka Ctrl+M da Enter. Alt da harafi kuwa Esc ne a gaba harafin a baya. Amfanin sanin wannan: in Alt ya ƙi aiki a nano, danna Esc ka saki sannan ka danna harafin. Shi ne kuma dalilin da ya sa Esc yake jinkiri a Vim cikin tsofaffin tmux, yana jira rabin daƙiƙa ya ga ko wani harafi na biye. `set -sg escape-time 10` a `~/.tmux.conf` ya gyara shi.

Tunda ka ce kana shiga ta SSH, sabis zai yanke maka kana tsakiyar gyara, ko a ɗauke wuta rautar ta mutu. Vim yana ajiye ɓoyayyen fayil mai ƙarewa da `.swp`, yana sabunta shi bayan kowane harafi 200 ko shiru na daƙiƙa 4. In ka dawo za ka ga gargaɗi mai lamba E325, danna R ya maido da aikin, ka adana, sannan ka goge `.swp` ɗin, in ba haka ba gargaɗin zai yi ta dawowa. Nano in aka yanke masa layi yana zubar da abin da ke hannunsa a fayil mai ƙarewa da `.save` kusa da na asali. Amma wanda ya fi duka shi ne kana shiga saba ka buga `tmux` kafin komai. Layi ya yanke, ka dawo ka buga `tmux attach`, editanka yana nan yadda ka bar shi. Ka dai sani tmux ya riƙe Ctrl+B, takwaransa screen kuma ya riƙe Ctrl+A, wato maɓallin farkon layi na bash.

A waya lissafin yana ɗan juyawa. A Termux, manhajar taminal ta Android, akwai jerin ƙarin maɓallai a saman allon rubutu mai Esc da Ctrl da Alt da kibiyoyi, maɓallin rage sauti ma yana zama Ctrl. Duk da haka haɗa maɓalli biyu da babban yatsa akwai gajiya, umarnan Vim kuwa haruffa ne zalla ɗaya bayan ɗaya, don haka wanda ya iya shi ya fi sakewa a waya. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu allon Faransanci na AZERTY su ma da nasu: H, J, K, L suna nan a wurinsu, amma lambobi sai da Shift, `\` da `[` sai da AltGr. Maimakon Ctrl+\ a nano sai su yi Alt+R. Ga kowa kuma, Caps Lock yana zaune a wuri mai kyau ba aikin fari ba na baƙi, `setxkbmap -option caps:escape` zai mayar da shi Esc a tebur mai X11.

Za ka ji ana ambaton micro da Helix. Micro fayil ɗaya ne da aka rubuta da Go, Ctrl+S da Ctrl+Q da Ctrl+Z suna yin abin da ka zata, a injinka zai iya maye gurbin nano ba tare da ka yi nadama ba. Helix dangin vi ne amma ya juya jimlar, zaɓe kafin aikatau, don haka yana rikita hannun da yake kan koyon vi. Bar shi tukuna.

In za ka rubuta Hausa a cikin fayil kuma allonka ba ya da haruffa masu lanƙwasa, a Vim cikin yanayin rubutu danna Ctrl+V ka buga `u0253` ka samu ɓ, `u0257` ɗ, `u0199` ƙ, `u01b4` ƴ. A nano Alt+V ne sannan lambar da sifili a gaba ta cika shida, kamar `000199`. In kana yawan yi, sa `digraphs k' 409 d' 599 b' 595` a `~/.vimrc`, daga nan Ctrl+K, sai `k`, sai `'` ya ba ka ƙ. Ka tabbatar dai `locale` na sabar yana nuna UTF-8, in ba haka ba alamun tambaya za ka gani a wurinsu.

Fayilolin tsarin kuma kada ka buɗe su da `sudo nano` ko `sudo vim` kai tsaye in akwai hanyarsu. `sudoedit /etc/hosts` yana buɗe kwafi da editanka da saitinka, ya mayar da shi wurinsa in ka fita. Fayil ɗin sudoers kuwa, wanda ke faɗin wa aka yarje wa amfani da sudo, sai da `visudo`, don shi yana duba kuskure kafin ya adana, kuma harafi ɗaya da ya karkace a can yana iya rufe maka sudo a sabar da kake biyan hayarta. Duk da sunansa ba dole ne ya buɗe vi ba: a Debian da Ubuntu editan da ka zaɓa da `update-alternatives` zai buɗe, a wasu injinan kuma ka gwada `sudo EDITOR=nano visudo`.